Na Sauka a Tabalak

Shekara ashirin da bakwai ina bin hanyar nan,
albasar Galmi a bayana, Agadas a gabana.
Tawa wurin shan mai ce kawai a wurina,
Tabalak kuwa walƙiya a gefen gilashi,
kafin in ce ga ruwa, ruwan ya wuce.

Bana na miƙa wa yaro makulli.
Na biya kuɗin mota kamar kowa, na zauna baya,
ƙafata ta dama na laluben birki a ƙasa
duk inda direba ya sha kwana.
Wata tsohuwa ta ce, "Malam, ko kunama ce?"

Masaukin Tsahara ba shi da allo a ƙofa.
Jikka uku kwana, ta ce, ban da shayi.
Ɗakin laka, gado mai ƙara,
gidan sauro da faci huɗu, na ƙirga,
tulu a kusurwa yana gumi shi kaɗai.
Na tambaye ta ƙarfe nawa ake tashi.
Ta dube ni sama da ƙasa:
"Wa ke jiranka?"
Na buɗe baki, ban sami suna ba.

Da hantsi ta kawo hura a ƙwarya,
gero ya ji citta, nono ya ji sanyi.
Ni da na saba sha a tsaye, inji na kuka,
na zauna, na juya ludayi,
na sha har na ga zanen gindin ƙwarya.

Ɗan Jimma mai jirgi bai son magana.
Gora ɗaya a hannunsa, ba giya, ba madubi,
ya tura mu tsakanin matattun itatuwa
da ke tsaye cikin ruwa har ƙugu,
balbelu jere a kansu kamar an shanya wanki.
Kirinjijiya suka tashi da fito.
Jirgin ya karkata, na kama baki da hannu biyu,
ni da na sauko gangara da tan talatin ban yi salati da ƙarfi ba.
Sai a nan ya yi dariya.
Ya ce in sa hannu a ruwa. Na sa.
Ashe yana da nauyi, ashe yana da sanyi,
abin da nake gani shuɗi ta gilashi.

A gaɓa raƙuma sun durƙusa suna sha.
Agali ya kwance rawani kaɗan daga baki,
ya ɓalla mini cuku, fari, sirara, mai zanen tabarma,
ya ce ba a tauna shi da gaggawa,
a jiƙa shi a shayi na biyu.
Muka kai na uku ba wanda ya dubi rana.

Da dare karfasa ta fito daga mai tana tsuwa,
yaji a takarda, dambun zogale a kwano,
ƙuli-ƙuli an barbaɗa ba rowa.
A kai Tsahara ta yanka albasa ɗanya,
shuɗi-shuɗi, ja-ja, zobe cikin zobe.
Na ɗauki ɗaya na duba a hasken fitila.
Ke ce? Na goya ki shekara da shekaru,
na san nauyinki, na san kuɗinki a kowane shinge,
warinki ya bi ni har cikin rigar sallah,
ban taɓa zama na ji zaƙinki ba.

Ido ya kawo ruwa.
Tsahara ta ce haka take yi wa kowa.
Na ce haka ne.

Can kan kwalta wata babbar mota ta wuce,
na ji ya sa giya ta huɗu da wuri.
Na gyara filo, na bar shi da ita.
Kwaɗi suka ci gaba da zancensu.